Binciken da ba ya shiga buhu: daga Samaru zuwa Funtuwa

A Unguwa Uku na hau motar Zariya ranar wata Talata cikin watan Agusta, marka ta kankama, sama ba ta wuni ba ta zubo ba. Mu huɗu aka cusa a baya, amma na yi sa'ar gefen taga. Da muka wuce Kura da shinkafar Kadawa, muka bar Kwanar Ɗangora a baya, sai gonakin tudu suka fara raka mu hagu da dama. Wata masara ce zalla, ganyenta har ya yi baƙi-baƙi don ƙoshin taki. Wata kuwa gero ne ya riga ya fid da kai, dawa tana ƙasa-ƙasa tana jiran a yanke shi ta sarara, ga wake an soka a tsakani. Maƙwabcina a kujera, wani ɗan kasuwar hatsi daga Dawanau, ya ga ina ta leƙe, sai ya ce, "Malam, waccan gonar mai kuɗi ce, wannan kuma ta mai iyali." Na riƙe maganar.

Abin da ya tashe ni wani taro ne da aka yi a otal makonni kaɗan kafin nan. Wani babban jami'in ma'aikatar gona na wata jiha ya miƙe ya ce jami'o'i ba sa ba su abin da za su yi aiki da shi. Wani farfesa ya karɓe lasifika ya ce ai gwamnati ce ba ta karatu. Aka tafa wa kowannensu, aka ci shinkafa da kaza, aka sa hannu a takardar kuɗin mota, aka watse. Na ce a raina, bari in je inda masu bincike da masu mulki suka fi daɗewa suna zaman gida ɗaya a Arewa, in ga abin da zaman ya haifar.

Da muka isa Zariya, daga Kwangila na ɗauki a-daidaita-sahu zuwa Samaru. Cibiyar Binciken Aikin Gona tana kan hanyar Sakkwato, kuma ta girmi jami'ar da take ƙarƙashinta da shekara 40. Tun 1922 aka fara gwaje-gwajen noma a nan, a matsayin sashen bincike na hukumar gona ta lardunan Arewa. Wato asali ɗakin gwajin gwamnati ne, mai bincike da mai ba da umarni duk albashinsu daga aljihu ɗaya yake fita. Sai a 1962, shekarar da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello, aka miƙa wa jami'ar wurin. Ba a yi shekara biyu ba, a 1963, aka kafa wani ɗan sashe da aikinsa kawai shi ne ɗauko sakamako daga hannun masu bincike a kai wa malaman gona. Shi ne ya girma ya zama hukumar NAERLS ta ƙasa baki ɗaya a 1987. Dattawan wancan lokaci sun san cewa ranar da aka raba gida, ranar ake neman ɗan aike.

Mai masaukina abokin karatuna ne tun sakandare, yanzu Dakta ne a fannin kyautata iri. Bai bar ni na zauna a ofis ba. Ya ara mini takalmin roba muka shiga filin gwaji, taɓo yana kama ƙafa. Kowane ɗan fili da turkensa da lambarsa. A wani ɓangare an rufe goyon masara da ƙananan jakunkunan takarda tun kafin gemu ya fito, don kada iska ta kawo garin furen wata masarar da ba a gayyata ba. Wasu 'yan mata biyu suna bin layi, ɗaya tana awon tsayi da sanda, ɗaya tana rubutawa a littafin da ta lulluɓe da leda. Dakta ya lissafa mini zangon da iri yake bi: a haɗa auren tsirrai, a yi ta zaɓe damina bayan damina, a gwada a tasha, a gwada a jihohi daban-daban, a gwada a gonakin manoma, sannan a kai gaban kwamitin ƙasa da ke zama a Ibadan ya amince a sake shi. Ya ce, "Mutumina, kafin iri ɗaya ya fita an yi kwamishina uku. Na farko ya ƙaddamar, na biyu bai san da zancen ba, na uku ya zo ya yanka kyalle."

Na yi dariya, amma ba labarin iri ne ya fi kama ni a Samaru ba. Wani tsohon labari ne na shekarun 1960.

A 1965 wani masanin tattalin arzikin noma, haifaffen Ingila, ya zo jami'ar. Sunansa David Norman, sunan da a kunnen Bahaushe kamar don aikin aka raɗa shi. Shi ya jagoranci sashen binciken tattalin arzikin karkara. A lokacin, kusan duk shawarar da ke fita daga tashar gwaji zuwa malaman gona ta shuka zalla ce: dawa ita kaɗai, gyaɗa ita kaɗai, auduga ita kaɗai, a layi, da tazara kaza. Haɗa amfani biyu ko uku a gona ɗaya ana ganinsa alamar rashin wayewa, abin da za a yaye manomi daga gare shi. Shekara da shekaru ana wa'azi, manoma suna cewa to, suna komawa suna yin giccinsu. Maimakon a ƙara wa wa'azin ƙarfi, Norman da abokan aikinsa suka zaɓi ƙauyuka uku a ƙasar Zazzau: Hanwa da ke bakin gari, Doka da ke kan hanyar Kano, da Ɗan Mahawayi da ke can ciki. Daga 1966 zuwa 1967 suka zaunar da masu ɗaukar bayani a ƙauyukan, suna bin gidaje fiye da 100 sau biyu a mako, suna rubuta wa ya je wace gona, awa nawa ya yi, me ya shuka, dami nawa ya ɗaure.

Lissafin da ya fito ya ba manomi gaskiya. Kowane amfani shi kaɗai yakan ragu idan an haɗa shi da wani, amma idan aka tara kuɗin duk abin da gonar ta bayar, gonar haɗi ta fi ta zalla. Kuma ta fi ta tabbas: shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri dawa ta gaza, gero ya riga ya shiga rumbu. Abu mafi muhimmanci, binciken ya gano cewa abin da ke ɗaure manomin wancan zamani ba ƙarancin fili ba ne, ƙarancin hannu ne a watannin Yuni da Yuli, lokacin da ciyawa take tashi a duk gonaki a tare. Wanda ya haɗa gero da dawa a kunya ɗaya, noma ɗaya zai yi musu. Norman ya buga wannan a wata mujallar masana a 1974, kuma masana tsirrai na Samaru suka shiga gwada haɗin a filayensu, suka tarar gero da dawa ba sa cin abinci lokaci guda, ɗaya yana gama girma ɗayar tana farawa.

Haka aka yi da auduga. Shawarar hukuma ita ce a shuka a tsakiyar Yuni, kuma a filin gwaji babu shakka shukar wuri ta fi yabanya. Manoma kuwa sai Yuli suke shukawa. Da aka bi su a yankin Daudawa, aka ga dalilin a fili yake: tsakiyar Yuni magidanci yana kan noman abincin gidansa, ba zai bar gero a cikin ciyawa ya tafi hidimar abin da ba a tuƙa tuwo da shi ba. Ga kuma feshin da aka ce ya yi, wanda sai ya yi ta jigilar ruwa a ka zuwa gona.

Abin da farfesan taron otal bai faɗa ba ke nan. Kafin hujja ta gyara ma'aikata, sai da ta fara gyara masu binciken kansu. Shekara 40 ana ba da shawarar da ba a taɓa auna ta da rayuwar mai karɓarta ba, kuma masu digiri ne suke bayarwa.

Da yamma na ce Dakta ya kai ni Hanwa. Ƙauyen da aka ƙirga damunan geronsa yanzu unguwa ce, gidajen bulo da shagunan caji da makarantun kuɗi. Muka sha shayi a bakin titi muka koma.

Washegari da sassafe muka kama hanyar Funtuwa a motarsa, ta Shika da Giwa. Daudawa na so in gani, amma tana ƙasar Faskari, kuma duk wanda muka tambaya sai ya girgiza kai saboda halin tsaro. Muka haƙura. Tun daga Giwa masara ta mamaye ido, kuma wannan masarar tana da ranar haihuwa. A 1975 aka fara shirin raya aikin gona na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, tare da takwarorinsa na Gusau da Gombe. Aka yi hanyoyin karkara, aka gina cibiyoyin sayar da kayan noma, aka ɗauki malaman gona, aka kawo irin masara fara mai suna TZB da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta fitar. Gwamnatin tarayya kuma, da kuɗin mai a hannu, ta ɗauke wa manomi fiye da kashi 70 cikin 100 na farashin takin zamani. Masarar da a da ake shuka ta a bayan gida don gashi ta fita fili ta zama amfanin kasuwa. Har yau manyan motoci daga kudu suna layi a kasuwannin wannan yanki da kaka.

Ba zan raina wannan ba. Bincike ne ya haifi irin, hukuma ta ɗauka, dubban gidaje suka yi rufin kwano da shi. Sai dai abin da ya tsaya mini a rai shi ne kusancin lokaci da na wuri. Shekara ɗaya tak tsakanin buga binciken haɗin shuka da fara shirin Funtuwa, kuma tafiyar awa ɗaya ce tsakanin Samaru da Funtuwa. Amma ƙunshin da aka fara miƙa wa manoma na shuka zalla ne da taki, kuma waɗanda suka fi cin moriyarsa masu hali ne da manyan gonaki. Masarar ta yi tafiyar ɗaruruwan kilomita daga Ibadan ta iso kafin binciken maƙwabta.

Na yi ta juya dalili a hanya. Abin da na tsaya a kai shi ne, hukuma tana saurin karɓar binciken da za a iya zuba shi a buhu. Iri yana da suna da lamba, ana sayensa, ana loda shi a tirela, ana ƙirga tan nawa aka raba, gwamna yana iya ɗaga shi sama a ɗauki hoto. Binciken da ya ce manomi yana da gaskiya, a gyara shawara ta dace da giccinsa, a lura da watannin da hannu yake ƙaranci, ba shi da kwangila a cikinsa, ba shi da layi a kasafin kuɗi. Babu wanda ya ƙaryata shi. Rasa inda za a ajiye shi aka yi. A waje kuwa ya yi kasuwa, domin aikin Norman yana cikin tushen tsarin binciken da ke farawa daga gonar manomi, wanda ya bazu a Afirka da Asiya a shekarun 1970 da 1980. A gida ma ya shigo daga baya, a hankali, ta ƙofar baya. Misali, tashar IITA ta Kano ta yaɗa tsarin layi biyu na dawa ko masara da layi huɗu na wake, wanda haɗin gargajiya ne aka yi wa kwaskwarima.

Da na faɗa wa Dakta haka, ya ce to ai ga misali a hannunsu. Waken SAMPEA 20-T, wanda aka sa wa ƙwayar halittar da ke kashe tsutsar da ke huda fure da kwanson wake, Farfesa Mohammad Ishiyaku ne ya jagoranci aikinsa a Samaru. Hukumar kula da amincin irin waɗannan tsirrai, wadda aka kafa a 2015, ta amince da shi a farkon 2019, aka sake shi a Disambar shekarar. Manomin da yake feshi sau shida zuwa takwas zai iya tsayawa a biyu, don sauran ƙwarin da waken bai iya da su ba. Nan masu bincike da masu doka sun yi shekaru suna zama tare, saboda doka ta tilasta, ba mai iya tsallake wani. Duk da haka a 2024 Majalisar Wakilai ta tashi da batun a binciki shigowar irin waɗannan tsirrai gaba ɗaya, jama'a suka rabu, aka yi ta muhawara a rediyo. Dakta ya ce a lokacin ne wasunsu suka gane sun shawo kan hukuma amma ba su taɓa zama da mai cin ƙosai ba.

Shi ma jami'in ma'aikatar nan na taron otal yana da tasa gaskiyar, kuma ya faɗa mini ita a bakin ƙofa ranar taron, ba a lasifika ba. Ya ce a watan da ake haɗa kasafi, kwamishina yakan ba shi kwana uku ya kawo abin da za a yi. Idan ya nemi masana, sai a aiko masa da kundi mai shafi 200 da Turanci mai ƙashi, ƙarshensa kuma a ce ana buƙatar ƙarin bincike. Na tambayi Dakta ko ana ƙara wa malami girma don ma'aikata ta yi aiki da bincikensa. Ya ce abin da kwamitin ƙarin girma yake ƙirgawa maƙaloli ne da mujallun da suka buga su. Wunin da ya yi a ofishin darakta yana fassara sakamako zuwa shafi biyu, a takardar cancanta kusan ba shi da gurbi. Jami'in kuma da buhunan da ya raba ake auna shi. Kowannensu yana cin jarrabawarsa ba tare da ya buƙaci ɗan'uwansa ba, don haka ban ga abin mamaki ba idan sai a otal suke haɗuwa.

A Funtuwa ba mu daɗe ba. Muka zaga ta wajen tsofaffin injinan gurzar auduga, muka ci tuwon masara da miyar kuka, muka juyo.

A wani ƙauye da ke gefen hanya kafin Giwa muka tsaya gaida wani dattijo da Dakta ya sani, tsohon malamin gona da ya yi ritaya. Ya shimfiɗa mana tabarma a zaure, aka kawo fura a ƙwarya. Na ce, "Baba, a zamaninku yaya magana take tashi daga Samaru ta iso nan?" Ya ce, "Ɗana, da babur take zuwa." A shekarun 1980, in ji shi, duk mako biyu ake tara su a koya musu saƙon da za su kai, duk wata kuma manyansu suna zama da masu bincike. Shi ma yana da ranakun da kowane rukunin manoma ya san zai zo. Abin da ya fi tunawa shi ne maganar tana komawa. Idan manoma suka ce wannan dawar tsuntsu ya fi son ta, ko karanta bai isa danni ba, ko matan gida sun ce tuwonta ba ya kwana, sai ya rubuta, a wata mai zuwa ta isa kunnen wanda ya fitar da irin. Da kuɗin Bankin Duniya ya ƙare a shekarun 1990, aka daina ba da man babur, aka daina ɗaukar sababbi, tsofaffi suka yi ta ritaya. Ya ce yanzu mai shagon maganin feshi shi ne malamin gonan ƙauye, kuma shi ba ya cewa kada ka saya.

Ya tambayi Dakta ko har yanzu ana fita zagayen duba damina da ake rubuta rahoto a kai wa minista. Dakta ya ce ana yi duk shekara. Baba ya gyaɗa kai, ya ce to madalla, ya tura mana ƙwaryar.

Ƙanin Baba ne ya ja mu gonarsa, bayan gari kaɗan. Shekarun baya masara yake yi zalla, amma tun da taki ya yi tashin gwauron zabo bayan 2023 ya rage ta zuwa ƙwarya ɗaya kusa da gida, inda tokar murhu da kashin awaki suke isa. Sauran ya mayar dawa da waken suya, gefe guda kuma gero da dawa irin na mahaifinsu. Ƙuduji ya fara leƙowa a gindin wata dawar, ya sunkuya ya tuge shi ya jefar kan hanya ba tare da ya katse maganarsa ba. Can sai Dakta ya tsaya cak. Tsakanin layukan dawa ga wake ya yi lif, ganye shar. Ya tambayi wane iri ne. Manomin ya ce wanda ba ya tsutsa ne, a Giwa ya saya, a 'yar leda mai hatimi.

"Ba a ce maka shi kaɗai ake shuka shi ba?"

"An ce, Dakta. To ina zan kai dawar?"

Dakta ya laluba aljihu ya fito da biro, bai sami takarda ba, na yago masa daga littafina. Ya shiga tsakanin kunyoyin yana auna tazara da takunsa, yana tambayar ranar shuka, da ko an yi feshi, da ko inuwar dawar ba ta danne furen. Manomin yana biye da shi yana gyara masa: ba bayan sallah ba, kwana tara kafin sallah, ba kowace kunya ba, ana tsallake ɗaya inda ƙasar ta fi jigawa. Hadari ya fara haɗowa daga gabas. Daga bakin gona Baba ya ɗaga murya ya ce mu kama hanya tun la'asar ba ta yi sanyi ba, wannan titin ba a yin yamma a kansa yanzu. Dakta ya ce to, Baba, ga mu nan, ya durƙusa yana ƙirga furen wake a reshe ɗaya.